Kawu Ya Tafi Ba a Sanar Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sha zaman makoki a rayuwata, na dangi da na maƙwabta, amma ban taɓa ganin wanda masu gaisuwa ke shigowa da faɗa a bakinsu ba sai na Kawu.

Mace za ta yi sallama ta durƙusa gaban matarsa. "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Kafin a gama cewa amin ta ɗago kai: "To amma fisabilillahi, yaya aka yi ba mu ji ba?" Wata tsohuwa daga Gubuchi ta shigo washegarin jana'iza tana haki, ta kwance bakin zanenta ta ciro 'yar wayarta ta miƙo mini. "Malama, duba mini abin nan, ko lalacewa ta yi? Wallahi jiya ko ƙara ba ta yi ba." Na duba. Lafiyarta ƙalau, ga caji ga sabis. Na miƙa mata na kau da kai, don ban san da wane baki zan yi mata bayani ba.

Wurin maza ma haka abin yake. Muna jiyo su ta kan katanga. Wannan ya ce a kasuwar rake ya ji, wancan ya ce ɗan acaɓa ne ya faɗa masa a hanya, har ya ƙaryata shi. "Na ce masa rufe mini baki, da ya rasu ai da an kira." Sai ya fashe da kuka, babban mutum da gemu.

Ba laifinsu ba ne. Shekara da shekaru, in aka yi rasuwa a wajenmu, daga Makarfi har ƙauyukan Ikara da Kudan, muryar Kawu ce ke kai labari. Sai ga shi ya rasu da hantsi, an binne shi bayan azahar, wayar kowa shiru. 'Yan unguwa ne suka yi masa salla, sai dangi na kusa da aka kikkira a gaggauce. Mutumin da ya tara wa jama'a sahu a jana'izar iyayensu da 'ya'yansu, haka aka ɗauke shi.

Kawu yayan mahaifiyata ne, manomin rake, bai yi boko ba sai yaƙi da jahilci. A zaurensa akwai wata tsohuwar kwamfuta da wani ofis a Zariya ya gaji da ita, wasu samarin garinmu da suka gama karatu suka roƙo, suka haɗa ta da layin waya. Aikinta ɗaya ne. A naɗi murya, sai ta bi lambobin mutanen da suka ba da nasu, ta kira su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗauka ya ji. Ba sai ka iya karatu ba, ba sai kana da babbar waya ba, ko 'yar ƙarama mai tocila ta isa. Muka kafa ƙungiyar sa kai, ba albashi ba komai, katin kira ma jama'a ne ke turowa in Allah ya hore. Ni an sa ni ne don ina koyarwa a Ikara, an ɗauka duk malamin makaranta ya iya kwamfuta. Ƙarya ne, a nan na koya.

Da farko benci ba ya ɗaukarmu don yawa. Har hoto aka yi. Sai wannan ya samu aiki a Kaduna, wancan ya yi aure matar ta ce ba ta san zancen ba, wani kuma ya shiga siyasa ya daina gaisawa da mu. Aka wayi gari daga ni, sai wani magidanci mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, sai Kawu, wanda asali zaure kawai ya ba mu aro.

Shi ya riƙe kwamfutar. "Tsohuwar nan" yake ce mata. In na zo ran Asabar, kafin ya tambaye ni yara sai ya ce, "Zo ki saurara, kamar tana tari." Fankar cikinta yake nufi. Ni ba na jin komai, amma in mai gyara ya buɗe sai a tarar ta cushe. Turanci bai iya ba, don haka na ɗiɗɗiga masa jan farce a kan madannan da yake buƙata, da haka ya yi aikinsa har ya koma ga Allah. Ɓeraye suka ci wayoyin na'urar, ya kawo mage. Magen ta gano bayan na'urar da ɗumi, ta mai da wurin makwanci, gashinta ya toshe fanka, ya kore ta da tsintsiya yana ce mata munafuka. In hadari ya haɗo, ko yana tsakiyar gona zai yar da fartanya ya hau keke, don tsawa ta taɓa ƙona mana abin da ake sa layin a ciki, muka yi kusan rabin damina ba kira. Ruwan batir kuwa ya fi kula da shi a kan maganin hawan jininsa. Da muka hana shi hawa tsani ya goge sola, sai ya ɗaura tsumma a kan doguwar gora, kullum da safe yana tsakar gida kai sama.

Yana da tsarinsa, ba mai canza masa. Lambarsa ce ta farko a jeri, don in ya tura sanarwa ya ji wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya san abin ya tafi. In ba ta yi ba, to ranar ba mai shan ruwa a gidan sai an gano inda matsalar take. Kuma in mamaci yana cikin masu lamba, ba ya bari kowa ya cire ta sai shi. Sai an yi sadaka an watse, ya zauna, ya nemo ta a hankali da yatsa ɗaya, ya ce "Allah ya jiƙanka," sannan ya goge.

Mutane sun ji tsoron muryarsa, gaskiya. Akwai waɗanda suka ajiye lambar a wayarsu da sunan "Inna lillahi". Da ya ji labari ransa ya ɓaci, ya ce shi ba mala'ikan mutuwa ba ne. Daga nan ya fara sanar da haihuwa da ɗaurin aure, har da ɓatan akuya, wai don a riƙa ɗaukar waya ba tare da faɗuwar gaba ba. Bai yi amfani ba. Ko suna zai sanar, sai ka gama salati kafin ka gane.

Ba ya bambanta mamaci. Kalmomin da ya faɗa a kan mai gari, su zai faɗa a kan mai tura baro. Wata shekara wani makiyayi da ke zaune a ruga wajen Paki ya rasa matarsa. Baƙo ne a wurin, bai zaci kowa daga gari zai zo ba, ya riga ya fara haƙa da 'ya'yansa. Mai sayen nono ne ya kira Kawu. Kafin a gama wanka sai ga mutane a ƙafa da babura suna ratso gonaki. Bawan Allahn nan ya tsaya yana kallo. Satin da ya zagayo ya sayi waya, abin da bai taɓa riƙewa ba, ya zo Makarfi da ƙwaryar man shanu ya ce a sa lambarsa. Tun daga ranar ya zama aminin Kawu, duk Laraba in ya zo kasuwa a zauren nan yake sallar azahar.

Kada a ce ina wanke shi tas don ya mutu. Kawu yana da taurin kai, kuma mun yi faɗa sosai. Na daɗe ina cewa a fitar da na'urar daga zaurensa. Mai gyaran rediyo ya ba da gefen shagonsa, kyauta. Na ce, "Kawu, kayan jama'a ne, bai kamata su zauna a gidan mutum ɗaya ba." Ya ce, "In ta koma kasuwa wa zai ji tarinta da asuba?" Na ce ai ba kai kaɗai ke da kunne ba. Ya dube ni ya ce, "Wato kin fara yi mini lissafin kwana ke nan." Kai, maganar nan ta ƙona ni. Na ɗauki jakata na fita ko sallama ban yi ba, na yi makonni ban taka gidan ba. Shi ya aiko mini da mazarƙwaila da saƙo wai tsohuwa tana nemana. Na koma, amma ban ƙara tayar da zancen ba. Wa zai iya duban babba ya ce masa, in ka mutu fa? A gidanmu dai ba a yi.

Wanda ya fi ni faɗa da shi a kan na'urar nan shi ne yayansu gaba ɗaya, Kawu Babba, da ke zaune a Kudan. Shi bai taɓa yarda a sa lambarsa ba. Na ji dalili da kunnena wata ranar yawon Salla, ina zuba musu fura.

Abin ya samo asali ne tun shekarun farko bayan samun 'yancin kai, lokacin su biyun suna samari. Babu waya sai a gidan gwamnati. In an yi rasuwa, saurayi ake ɗorawa a keke ya bi gari gari. Kawu Babba yana Kudan yana koyon ɗinki, mahaifiyarsu ta rasu da safe a tsakiyar damina. Aka ara wa Kawu keken mai unguwa aka ce ya je ya ɗauko ɗan'uwansa. Ya iso rafi ya tarar ya cika ya batse. Ya jira ya jira, daga baya ya saɓa keken a ka ya shiga, ruwa har ƙirji. Ko da suka dawo tare, an riga an rufe ƙasa, har an yayyafa ruwa.

Ranar Sallar nan Kawu ya ce, "Yaya, da akwai abin nan a lokacin, da ka ga fuskar Inna."

Kawu Babba ya ajiye ludayi. Ya ce, "Ni abin da na riƙe daga ranar nan, ka shigo shago jiƙe sharkaf, ba ka ce komai ba ka kama hannuna. Tun kafin ka buɗe baki na sani. Akwatin naka yana da hannun da zai kama mutum? Mutum yana tsakiyar cin tuwo, ko yana bayan gida, ka sako masa mutuwar ɗan'uwansa a kunne ka wuce na gaba. Wannan ba mutunci ba ne."

Kawu ya ce, "Amma za a kai ga gawa."

Suka ci gaba da shan fura, kowa da nasa a ciki, kuma haka suka zauna har mutuwa ta raba.

Ranar da abin ya faru, lafiyarsa lau ya tashi. Ya goge sola da gorarsa, ya jingine ta, ya zauna a dakali ya ce wa matarsa ta miƙo masa koko. Ta juya ta ɗauko, ta tarar ya kwanta a gefe kamar mai gyangyaɗi. Shi ke nan fa. Ba ciwo ba jinya. Ina cikin aji ɗansa ya kira ni, na ce masa wane Kawun, don kaina ya ƙi ɗauka. Alli na hannuna har na hau acaɓa.

Na iso ana wanka, na wuce cikin gida wurin mata, ta ƙofar baya. A raina na ɗauka mai gyaran rediyo ya riga ya tura sanarwa, ashe yana Kano sayen kaya, shi kuma ya ɗauka na tura. Sai da aka fita da makara na ji tafiyar ba ta da nauyi, ba irin ta jana'izar Kawu ba. Na leƙa zaure. Wayam! An share, an shimfiɗa tabarmi. Ba teburi, ba batir, sai wayoyin sola biyu suna lilo daga saman bango.

Ashe Kawu Babba, da isowarsa daga Kudan, ya yi abin da ake yi a kowane gida. Ana buƙatar zaure don zaman makoki, kuma kayan mamaci ba a barinsu a sarari. Ya sa aka kwashe duk abin da ke ciki, rediyo, buzu, keke, riguna, har da kwamfuta da batir, aka zuba a ɗakin mamaci aka danna kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu. A wurinsa duk abin da aka samu a zauren mutum nasa ne, kuma daga lokacin da rai ya fita ya zama na magada. Waɗanda suka ɗauka sun san amfaninta sarai, amma babba ya ce a ɗauka, ga gawa a kwance, wa zai tsaya musu?

Ni mace ba zan kutsa cikin maza a ranar ba. Na aika mahaifiyata. Ta dawo ta ce ya ce ba a taɓa kayan mamaci sai an raba gado, a cikin magada akwai marayu ƙanana, ba zai ɗauki haƙƙinsu ba. Na ce, "Mama, ki faɗa masa ba na Kawu ba ne, na jama'a ne!" Ta ce, "Ke, rufa mini asiri, yayana ne." Na shiga bayan rumbu na yi kuka mai isata, rabi na rashi rabi na takaici. Rabon gado a danginmu yakan kai kaka. Kafin nan batir ya mutu, layi ya rufe, mutane sun saba da shiru, aikin shekaru ya tafi. Kuma mutuwa ba za ta jira mu ba, gobe ma wani zai rasu a wani ƙauye.

Ranar sadakar uku ta faɗo Laraba. An idar da addu'a ana raba waina, sai ga makiyayin nan na Paki da sandarsa da 'yar ƙwaryarsa, ya zo sallar azahar kamar kullum. Ya ga tabarmi, ya ga taro. Ya tsaya. Ina daga bakin ƙofar tsakar gida ina kallo ta labule. Ya ce, "Wa ya rasu a gidan abokina?" Ya bi fuskoki ɗaya ɗaya yana neman wadda ya sani, bai gan ta ba. Ƙwaryar ta suɓuce.

Da aka zaunar da shi, bai yi faɗa irin na sauran ba. Ya ciro wayarsa ya ɗora a tafin hannu ya ce, "Ni ban san kowa da zan kira da wannan ba. Saboda shi na saya. Kullum tana nan a ƙirjina, ko cikin ruwa ba na kashe ta." Sannan ya ce, "Shi ya kawo mutane suka rufe mini matata. Ni ko ƙasa ban zuba masa ba. Ku nuna mini kabarin."

Kawu Babba ne ya tashi, da ƙyar, ya kama hannunsa suka tafi maƙabarta su biyu. Sun daɗe. Abin da suka faɗa a can ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Bayan la'asar aka ce Kawu Babba yana kirana. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi. Bai dube ni ba, ya turo makulli a kan tabarma. Ya ce, "Kin tabbata ba tasa ba ce?" Na ce, "Wallahi Kawu, zaure kawai ya ba da." Ya ce, "To a fito da ita. Ita kaɗai."

Mai gyaran rediyo ya dawo a lokacin. Muka jawo ta da batirinta, an ɗora mata buhun masara a kai, gefen ya lotsa. Muka mai da kwaɗo, na miƙa wa Kawu Babba makullinsa. Batir ya yi sanyi, sai da muka jira ranar washegari ta ɗaga. Ya haɗa wayoyi yana bismilla. Ya danna. Shiru. Ya buɗe ya hura, ya jijjiga wani abu, ya sake dannawa. Sai ga fanka ta tashi, ƙar ƙar ƙar. Tarin da Kawu yake faɗa, sai ranar na ji shi.

Sai aka tsaya kallon juna, don ba a taɓa naɗar wata murya ba sai tasa. Mai gyara ya ce shi ba zai iya ba. Ɗan Kawu ya girgiza kai. Kawu Babba, da ke zaune can gefe da carbi kamar ba ya jinmu, ya ce, "A ina ake maganar?"

Na matsa masa abin magana, na danna madannin da ke da jan farce. Ya yi gyaran murya. Ya yi sallama, ya yi salati, ya ce, "Ni ne yayan mai wannan murya da kuka saba ji. Allah ya karɓi abinsa ran Litinin da hantsi, an kuma rufe shi. Ba ku ji ba, ni na kulle. Ku yafe mini, ku yi wa ƙanina addu'a." Kalmar ƙarshe da ƙyar ta fito. Na ce ko a sake? Ya ce a bar ta haka.

Na tura. Sai muka ji ƙara daga cikin gida, can ƙasa ƙasa, daga ɗakin da aka kulle. Na manta shaf. Wayar Kawu ce, tana aljihun rigar da aka cire masa, ita ce ta farko a jeri. Matarsa ta saki salati daga ɗakinta, mata suka ɗauka. Kawu Babba ya miƙe ba sanda, ya buɗe kwaɗon, ya lalubo rigar. Ya ɗauka. Ya kara a kunne ya tsaya a bakin ƙofa ya saurari kansa tun daga sallama har ƙarshe, hawaye na bin gemunsa. A waje kuwa wayoyin masu zaman makoki sun fara ƙara, wannan na katsewa wancan na ɗauka.

Ya dawo ya zauna kusa da ni, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "An ce shi yake cire lambar wanda ya rasu." Na ce haka ne. Ya ce, "Nuna mini." Na nemo ta, na kama yatsansa na ɗora a wurin. Ya ce, "Allah ya jiƙanka," ya danna.

Sannan ya laluba aljihu ya ciro tasa wayar ya ajiye a gabana. "Sa tawa a gurbin. In ba ta yi ƙara ba zan kira ki, ko kina aji." Ya nuna na'urar. "Kuma ku kwashe ta ku kai shagon can tun yau. Kar ranar tawa wani ya sake kullewa."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa taurin kansa da namu, ya haskaka makwancinsa. Duk wanda ya taɓa samun jana'izar nasa saboda kiran bawan Allahn nan, ina roƙonsa ya karanta masa Ƙulhuwallahu, ko da a makare.